Ɗan iccen nan mai ganye ruwan toka, Leucophyllum: yadda muke ciki da shi tun Fabrairu

9 ga Fabrairu

Yau na sayo wani ɗan icce wajen masu pepiniyar ɗin nan, wato masu rainon shuke-shuke suna sayarwa, na bakin gulbi, ta gefen unguwar Yantala a nan Yamai. Dama lalle na je nema da zan zagaye bayan gida da shi, sai idona ya faɗa kan wasu ledoji da aka tura can gefe cikin rana babu mai kula su, ganyen ciki ƙanana ne fari-fari ruwan toka, sun cika reshe tam tun daga ƙasa. Duk sauran kayan wurin an jiƙe su sharkaf da arozuwar, su kuwa ƙasarsu a bushe ƙamas amma ko alamar yaushi babu. Abin da ya tsayar da ni ke nan.

Na ce da mai wurin, "Malam, wannan fa mene ne?" Ya ce lavand ne, tsiron nan mai ƙamshi da ake turare da shi. Na tsinki ganye na murje na shinshina, babu ƙamshin komai. Sai ya ce ai lavand ɗin ƙasar Larabawa ne shi ba ya ƙamshi. Mai pepiniyar dai ba ya taɓa rasa sunan da zai ba ka. Da na matsa ya ce wani mai gyaran fulawa a wani gida can unguwar Plato ne ya kawo mishi rassan ya kakkafa a leda, kuma yana yin fure shunayya "in ya ga dama". Jikka-jikka ya ce, na ɗauki uku ya rage mini ɗan wani abu.

16 ga Fabrairu

Ba lavand ba ne, wannan kam na gama da shi. Ga yadda ake ganewa ko babu fure. Lavand danginsu ɗaya da na'ana'a da ɗoɗɗoya, kuma ƴan gidan nan in ka murza karansu tsakanin yatsu za ka ji yana da kusurwa huɗu, ganyensu kuma bibbiyu yake fitowa suna fuskantar juna, sannan ga ƙamshi. Duk mai ɗoɗɗoya a gida ya gwada ya gani. Nawa karansa a mulmule yake, ganyen yana fitowa ɗaya nan ɗaya can yana zagaya reshe, ƙamshi kuma babu.

Gyatumata da ta zo ta duba ta ce sabara ce ƴar Turawa, wai na kashe kuɗi kan abin da ke cike da daji. Daga nesa akwai kama, ban ƙi ba, amma ganyen sabara ya fi wannan girma sosai kuma in ka juya bayansa za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe, wannan ba shi da su. Tsawon ganyensa bai wuce santimita 2 zuwa 2 da rabi ba, ya fi faɗi ta wajen baki, gindin ya tsuke, kusan ba shi da maƙalin da ke haɗa shi da reshe.

Na ja kamarar waya kusa-kusa na ga abin da ke sa shi fari. Gashi ne, ƙanana masu rassa, sun rufe ganyen ciki da baya. Da na yayyafa ruwa sai ganyen ya koma kore-kore, da ya bushe farin ya dawo. Gashin nan shi ke mayar da hasken rana ya kuma rage ruwan da ganye ke fitarwa, ma'ana iccen wurin rana da ƙarancin ruwa ne ko daga ina ya fito.

2 ga Maris

An shiga azumi. Na ɗauki hotuna na saka cikin manhajar nan ta gane tsirrai a waya, ta ba ni sunaye uku tana ta canza ra'ayi gwargwadon hoton da na ba ta. Na farko Teucrium, na jefar da shi nan take don shi ma ɗan gidan su na'ana'a ne mai kara kusurwa huɗu. Saura biyu, Eremophila na Ostareliya da Leucophyllum na Teksas da arewacin Meksiko, kuma abin da ya ba ni sha'awa duk biyun gida ɗaya suke, dangin da masana ke kira Scrophulariaceae. Akwai wani Eremophila mai farin ganye da fure shunayya da ke kama da nawa ƙwarai a hoto, sai dai ganyensa siriri ne dogo, nawa gajere ne mai faɗin baki. Zuciyata ta fi kwanta wa Leucophyllum frutescens amma ba zan yanke ba sai na ga fure, don a harkar tsirrai fure da ɗa su ne shaida, ganye yana ruɗi.

Na dasa su yau da la'asar sakaliya, wuri uku daban da gangan, don in ga wace ƙasa yake so:

Na ɗaya a gaban gida jikin katanga ta yamma inda rana ke dukansa tun hantsi har faɗuwa, cikin rairayin gidan yadda yake, na dai ɗaga wurin ya yi ɗan tudu na cakuɗa da tsakuwa da farfasassun guntayen siminti da magina suka bari.

Na biyu a tsakar gida cikin kwami irin wanda kowa ke yi wa mangwaro, da baƙar lakar bakin gulbi da takin tumaki, wato gatan da mai pepiniyar zai ce ka yi wa kowane icce.

Na uku cikin rabin tano da na huhhuda gindinsa, rairayi da tsakuwa, a ƙarƙashin bedi inda inuwa take rabin yini.

Dalilin guntayen siminti: in dai Leucophyllum ne, a ƙasarsu kan tuddan dutsen farar ƙasa yake fitowa, ƙasa mai alli da ruwa ba ya kwanciya. Rairayinmu na Yamai kuwa galibi ya karkata wajen tsami. Siminti yana da alli a ciki, zai ɗan gyara.

28 ga Maris

Babu wani labari. Duk ukun suna nan. Sati biyun farko ina ba su ruwa duk bayan kwana biyu don saiwa ta kama, yanzu na mayar sau ɗaya a sati. Na lakar ya fi sauran saurin toho.

24 ga Afrilu

Zafin bana sai addu'a, da rana ana haura digiri 43, dare ma katanga ba ta hucewa. Famfo kuma sai tsakar dare yake zuwa in ya zo, kowa na fama da bido. A layinmu ciyawar da wani ya shimfiɗa gaban gidansa ta ƙone ƙurmus, ros ɗin maƙwabciyata Hajiya duk bakin ganyen ya soye duk da safe da yamma yaronta na kan ba shi ruwa. Nawa na jikin katanga, wanda ya fi kowa shan wuta, ko gezau. Ya ma ƙara fari, ganyen ya matse jikin reshe. Rabin bokiti nake zuba mishi ran Juma'a shi ke nan.

Na ƙarƙashin bedi ya fara wani abu da bai yi mini ba, rassan na miƙewa dogo-dogo suna neman rana, tazarar ganye da ganye ta buɗe, launin ya koma kore mara kyau. Inuwa ba ta karɓe shi ba. Na ja tanon na kai shi fili.

Abin da nake ta tunani kwanakin nan, garin da ruwan samansa na shekara bai fi milimita 500 zuwa 600 ba, kuma kusan duka cikin wata huɗu yake sauka, me ya sa pepiniyoyinmu suka cika da kayan da ke son ruwa kullum? Amsar dai mu ne masu saye, abin da muka gani a hoton gidajen Abijan da Kwatano shi muke tambaya.

21 ga Mayu

Ya yi fure!

Kwana uku da suka wuce iska ta juya, ta daina zuwa daga gabas a bushe ta koma tana tasowa daga kudu maso yamma da laima, irin wadda kake jin jikinka na danƙo tun da safe. An yi hadari ya watse, ɗan yayyafi ne kawai ya sauka ko ƙura bai kashe ba. Jiya na ga ƴan ƙulle-ƙulle a hammatar ganye, yau da asuba na fito na tarar da na jikin katanga ya rufe da fure har ganyen ba ya ganuwa sosai. Masu wucewa zuwa masallaci sai tsayawa suke.

Na cire ɗaya na tsaga shi na duba a tsanake. Siffar ƙararrawa gare shi, tsawonsa wajen santimita 2 da rabi, bakinsa ya rabu leɓe biyar, biyu sama uku ƙasa. Launi tsakanin shunayya da ruwan hoda, can cikin maƙogwaro ya yi fari da ɗige-ɗige da ɗan gashi. Sandunan garin fure huɗu, biyu dogaye biyu gajeru. Ko wane fure shi kaɗai yake fitowa daga inda ganye ya haɗu da reshe, ba zangarniya yake yi a ƙarshen reshe irin ta lavand ba. Duk wannan ya dace da Leucophyllum frutescens, na rufe maganar suna.

To ga abin da na tattara a kansa. Asalinsa kudanci da yammacin Teksas ne da jihohin arewa maso gabashin Meksiko, su Kowawila da Nuwebo Leyon da Tamawulifas, har gefen hamadar Ciwawa. Mutanen can suna ce mishi seniso. Wani masanin tsirrai mai suna Berlandier da ya yi yawon tattara tsirrai a yankin cikin ƙarni na 19 shi ya fara bayyana shi a rubuce. A 2005 majalisar jihar Teksas ta ayyana shi a matsayin ɗan iccen gida na jihar. In ya samu wuri yana kai mita 1 da rabi zuwa 2 da rabi, faɗinsa ma kusan haka, ba ya zubar da ganye gaba ɗaya. Suna kuma yi mishi laƙabi da iccen awon yanayi, wai yana faɗin zuwan ruwa. Abin da ke faruwa dai shi ne laimar iska da jiƙewar ƙasa bayan dogon fari su ke tayar da furen, shi ya sa wani lokaci yana riga ruwa, mafi yawa kuma yana biyo bayansa.

Na tanon ya yi kaɗan. Na lakar, wanda ya fi su girma da kore, bai yi ko ɗaya ba.

26 ga Mayu

Furen ya zube, bai kai sati ba. Amma kwanakin da ya yi ƙudan zuma sun yi biki, tun kafin rana ta fito kake jin gunjinsu. Hajiya ta aiko a tambaye ni inda na samo, na kwatanta mata, ta aika an sayo mata biyu.

8 ga Yuni

Ragon layya ya kwance cikin dare kafin salla ya bi tsakar gida, ya cinye zogalen madam tas, ya taɓa na lakar ya ɗan gutsuri baki-bakin ya bar shi. Ba zan ce dabba ba ta ci ba, akuyar Yamai da ke cin kwali ban yarda da ita ba, don haka na gaban gida na zagaye shi da ƴar waya.

Da muka yi barka da salla da Kawu a Tawa ta waya na ba shi labarin iccen, cikin zance na ce ai a tsofaffin littattafai danginsu ɗaya da ƙuduji. Nan take murya ta canza. "Kai yaro, in dangin ƙuduji na, kak ka kawo muna shi. Wanda muka da shi cikin hatsi ya ishe mu." Na ce Kawu Allah ya ba ka haƙuri tsaya ka ji.

Maganar tana da tushe shi ya sa zan ɗan tsaya kanta. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masana na ce mishi Striga, kuma in ka buɗe tsohon littafin tsirran Afirka ta Yamma na Hutchinson da Dalziel a cikin Scrophulariaceae za ka same shi. Dalziel ɗin nan likita ne da ya zauna ƙasar Hausa, shi ne ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916. A wancan zamanin da siffar fure ake haɗa dangi, duk mai fure mai leɓen sama da na ƙasa da ƴaƴa ƙanana cikin kwanso sai a tura shi gidan nan, har gidan ya tara iri wajen 5,000. In ka dubi furen ƙuduji ruwan hoda ɗin nan ka dubi na iccena za ka ga dalilin. Da aka fara awon ƙwayoyin halitta sai aka tarar taron tsintsiya ne ba shara, ba kakansu ɗaya ba, wani bincike da ya fito a 2001 shi ya wargaza gidan. Aka kwashe masu shan jinin wasu tsirrai irin su ƙuduji, har da wanda ke kama wake, aka kai su dangin Orobanchaceae. Ruma-fada da mata ke saye wajen masu magani, ita ma da can ƴar gidan ce, aka mayar da ita dangin Plantaginaceae. Sannan aka shigo da waɗanda da ba a lissafa su ciki, su Buddleja da Eremophila ɗin Ostareliya. Yanzu gidan bai kai iri 2,000 ba, kuma mafi yawansu a kudancin Afirka da Ostareliya suke.

Ƙuduji saiwarsa yake maƙalawa jikin saiwar hatsi ko dawa yana tsotsa tun kafin ya fito sama. Leucophyllum da saiwarsa yake ci kamar kowane icce, ba ruwansa da na kusa da shi. Kawu ya ce to ya ji, amma sai ya gani da idonsa.

5 ga Yuli

Damina ta zauna. Na daina ba su ruwa gaba ɗaya. Na jikin katanga ya sake rufewa da fure bayan ruwan farko mai ƙarfi, wannan karon har ya fi na Mayu.

Na fara yankan rassa don in ƙara yawansu. Reshen bana nake zaɓa wanda ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, in ka lanƙwasa shi yana dawowa, tsawon santimita 10 zuwa 15. In zage ganyen rabin ƙasa, in cire duk wani ƙullin fure, in soka cikin rairayin gulbi wankakke a ledar pepiniyar, ba taki ba komai. Na ajiye su inda haske ke isa amma rana ba ta duka kai tsaye, kuma ruwan sama ba ya sauka kansu. Rabi na kifa musu gorar ruwa da na yanke gindinta, rabi na bar su a buɗe.

27 ga Yuli

Waɗanda na kifa wa gora akasarinsu sun yi baƙi sun ruɓe. Gashin ganyen yana riƙe gumin da ke taruwa cikin gorar, ga laimar damina dama ta isa. Dabarar gora tana yi wa bugambil da su hibiskus, wannan kam ba ya so. Na buɗe ɗin fiye da rabi suna tsaye, na ɗan ja ɗaya a hankali na ji ya riƙe ƙasa.

3 ga Agusta

Ranar ƴancin kai, ranar dasa icce. Yaran layi sun karɓo bedi da gawo suna ta haƙa. Na ba wani malamin lakwal da ke kusa da mu biyu daga cikin yankan da suka kama ya kai farfajiyar makarantarsu, na ce ya sa su kan tudu, kuma don Allah kar a sa su cikin jadawalin yara masu ban ruwa.

19 ga Agusta

Na lakar ya tafi. Ruwa aka jera kwana da kwanaki, kwamin ya cika ya kwana da ruwa, bayan nan sai na ga ganyen ƙasa na yin rawaya suna zuba, sannan reshe ɗaya ya yi yaushi gaba ɗayansa alhali ƙasa jiƙe take. Duk wanda bai sani ba zai ce ƙishirwa ce ya ƙara ruwa. Da na tone shi saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, bawon na saɓulewa a hannu, ga wari. Saiwa na bukatar iska, in ruwa ya cike duk ƙofofin ƙasa sai ta shaƙe, cututtukan ruɓa su samu hanya. Shi ne ya fi kowa girma cikin ukun kuma tun da aka dasa shi fure bai fi a ƙirga a hannu ba, taki ya sa shi ganye kawai.

Na Hajiya ma ɗaya ya mutu, ɗayan na kan hanya. Na shiga na duba, an sa su tsakiyar ros, kuma yaron bai fasa ba su ruwa ba ko ran da aka yi ruwan sama. Na ce, "Hajiya, wannan iccen in kina son shi ki manta da shi." Ta ce ita ba ta iya ganin abu a gidanta ta hana shi ruwa, alhaki ne. Mun dai cire mai sauran ran mun mayar da shi tukunya mai huda da rairayi, muka ɗora kan bulo.

Na jikin katanga ruwa na sauka yana gangarewa, bayan awa ɗaya ƙasar ta tsane. Lafiyarsa lau.

Abin da damina ta nuna ke nan, a garin nan ba Afrilu ke kashe iccen nan ba, Agusta ce. Duk wanda zai dasa ya fara tunanin inda ruwa zai bi ya fita kafin tunanin inda zai samo ruwan ba shi. Unguwannin da ruwa ke kwanciya, irin gangaren Haro Banda da Saga da duk inda ke da laka, in ba a tukunya ko tudu mai tsayi ba kar ma a fara.

14 ga Satumba

Fure karo na nawa ne ma, na daina bi. Abin da na lura, ba ruwan yau da gobe ke sa shi ba, sai an ɗan yi kwanaki babu ruwa ƙasa ta sha iska sannan a yi mai ƙarfi, bayan ƴan kwanaki sai ya fashe gaba ɗaya. Tsakiyar Agusta da ake ruwa kullum bai yi wani abin kirki ba.

Wasu fararen ƙwari masu laushi sun taru a bakin rassan na tanon, tururuwa na hawa da sauka wajensu. Ruwan sabulu da ɗan man bedi na fesa da yamma, sun ragu.

12 ga Oktoba

Ƙanena zai koma Tawa, na haɗa shi da yankan da suka yi ƙwari cikin kwali, na ce ya riƙe a ƙafarsa kar a jefa su but a ɗora musu buhu, tafiyar ta fi kilomita 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Ni a ganina Adar, wato yankin su Tawa, ta fi Yamai dacewa da iccen nan. Ruwan sama ya fi ƙaranci, bai cika wuce milimita 400 ba a shekara, ƙasar tuddai ce da duwatsu, kuma akwai dutsen farar ƙasa a yankin, shi ne ma ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Irin ƙasar da yake fitowa a can garinsu ke nan.

Na roƙe shi in zai dawo ya taho mini da ƴan duwatsun. Gane su ba wuya, ka ɗiga ruwan lemun tsami ko binegar a kai, in ya yi kumfa to mai alli ne. Na gwada a kan jar marmarar nan tamu ta Yamai ko motsi.

20 ga Nuwamba

Wata tambaya da ta dame ni tun farko ita ce ko zai iya tserewa ya zama annoba. Mun ga yadda shuke-shuken waje ke yi, ga ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ke toshe gulbi, asalinta daga Kudancin Amurka take kuma don kyan furenta aka yi ta yawo da ita duniya. Ga iccen ƙayan nan Prosopis da aka kawo don tsayar da hamada ya je ya cinye wurare a gefen tafkin Cadi. Ko cikin dangin nan nasa akwai Buddleja davidii, ɗan ƙasar Sin, da aka kai Ingila don ado yanzu yana fitowa a bakin hanyar jirgin ƙasa da jikin tsofaffin gine-gine.

Don haka tun Satumba nake duba ƴaƴan. Bayan fure ya faɗi wani ɗan kwanso ke zama, ƙarami ƙwarai, in ya bushe ya tsage ƙananan iri su zubo. Na duba gindin iccen da kewayensa har bakin lambatu duk tsawon damina ban ga ko tsiro ɗaya da ya fito da kansa ba. Na tara irin cikin takarda na barbaɗa kan rairayi mai laima, ƴan ƙalilan sun tsiro, rabinsu kuma suka kwanta. Damina ɗaya a gida ɗaya ba hujja ba ce, zan ci gaba da sa ido, kuma na gaya wa Kawu a cikin gida za a dasa ba a gona ko bakin fadama ba.

Wani ya tambaye ni ko ana shan ganyen, wai ya ji mutanen Meksiko na dafa shi kamar shayi. Ni dai ado na dasa, ban ba kowa ya sha ba kuma ba zan ba da ba.

11 ga Janairu

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Iccen ya tsaya cak, ba toho ba fure, ya zubar da ɗan ganyen ciki. Sanyinmu ba komai ba ne wajensa, a ƙasarsu har ƙanƙara yana jurewa. Ƙura ce dai ke maƙalewa a gashin ganyen ya koma ja-ja, sai in ɗan watsa mishi ruwa da safe sau ɗaya a wata ya wanke, a gindi kuma rabin bokiti duk sati biyu.

Na jikin katanga yanzu ya kawo mini ƙugu, faɗinsa ya kusa mita. Na yi mishi aski yau, da almakashin reshe ɗaya bayan ɗaya, na rage dogayen da suka fita tsari zuwa inda suka rabu, na cire busassun ciki don haske ya shiga. Mai gyaran fulawar layinmu ya so ya bi shi da babban almakashi ya mayar da shi murabba'i yadda suke yi wa kowane shinge, na hana. In ana yi mishi haka waje ne kawai ke cika da ganye ciki ya zama ƙiraruwa, kuma furen da ake nema a sabon reshe yake fitowa, shi ake yankewa.

Daga Tawa Kawu ya aiko da hoto ta waya, ya dasa nasa bayan ɗaki cikin tsakuwa, duk sun kama in ban da ɗaya da kaji suka tone. Ya ce, "Wanga icce naka halin jaki garai, in ka shagwaɓa shi ya lalace." Ya kuma ce in ƙaro mishi in damina ta faɗi, liman na so.

Duwatsun Malbaza sun iso, na farfasa na zuba a gindin na tanon kaɗai, na katangar na bar shi da simintinsa don in ga ko za a samu bambanci a furen Mayu. Akwai kuma irinsa mai farin fure da wani mai koren ganye da aka fitar a Teksas, na bar wa masu pepiniyar na Yantala da na hanyar Gamkalle sallahu in sun ci karo da su su ajiye mini. Yankan gaba sai Yuli, wannan karon duka a buɗe, kuma zan gwada rabi da rairayi zalla rabi da rairayi haɗe da garin dutsen.